Tambayi Anti Nas: Cikin ya samu bayan shekara 9, amma tsoro ya hana ni sakat

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasiƙun wannan satin kusan duk bakinsu ɗaya, matan da suka jima suna nema har Allah ya ba su ta hanyar asibiti, murna ba ta gama sauka ba sai ga fargaba ta shigo da tabarmarta. Na ɗauko guda huɗu, sunaye a ɓoye kamar yadda muka saba. Ta farkon na bar ta da tsawonta.

Anti cikin nan yana nan kuwa?

Anti barka da aiki, ya gida ya yara. Don Allah ki taimaka min wallahi kaina ya kulle. Shekarata 9 da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, babu inda ba mu je ba na asibiti da na gida, har dai maigida ya sayar da filinsa muka yi IVF, dashen nan da ake haɗa ƙwan mace da maniyyin miji a lab a mayar mahaifa, a wani asibiti a Abuja, na farko bai zauna ba na yi kuka kamar raina zai fita, bayan wata 7 muka koma aka saka min ɗan tayin da suka ajiye a firiza ɗan kwana 5. Kwana 10 da sakawa aka ɗebi jinina sinadarin da ke nuna shigar ciki, wato hCG, ya nuna 214, bayan kwana 2 ya koma 460 suka ce alhamdulillah ciki ya shiga. Anti na zata ranar zan yi barcin da na shekara 9 ban yi ba, ashe yanzu aka fara. Yau kwana 22 da dashen. Satin da ya wuce nonona ciwo kamar me ga kasala ga yawan fitsari, shekaranjiya kawai na tashi na ji ni garau, nono ya saki, har tuwo na ci na ƙara, sai hankalina ya tashi. Jiya kuma na ga ɗan jini-jini mai ruwan ƙasa a wando, ba ja ba, da wani farin abu kamar alli yana fita. Tsinken gwaji kuwa na sayi ya fi 15, kullum da asuba kafin in yi alwala sai na gwada ina jera su a tagar banɗaki ina duba wanne ya fi duhu. Sikanin sun ce sai nan da kwana 8. Ga Hajiyarsu maigida ta aiko min da wani jiƙo a jarka wai na riƙe ciki ne, ta ce kuma in daina matsin Cyclogest ɗin nan shi ke jawo jinin. Anti cikin nan yana nan kuwa? Ko ni zan zubar da shi da tunani?

Ƙanwarki daga Kaduna

Allah sarki ƙanwata, Allah ya inganta ya raba lafiya. Bari in fara da na gaggawa kafin mu zo kan nono da tsinke: kar ki kuskura ki daina Cyclogest ɗin nan ko na dare ɗaya. Sinadarin firojestaron ne a cikinsa, shi ke riƙe shimfiɗar mahaifa ɗan tayi ya samu wurin kamawa. Macen da ta ɗauki ciki haka kawai ma'ajiyar ƙwanta ce ke samar da shi bayan ƙwai ya fita, ke kuwa da aka saka miki na firiza yawanci da magani ake shirya mahaifar, jiki bai saki ƙwai a wannan watan ba, to kin ga babu inda sinadarin zai fito sai daga matsin nan, da allura in an haɗa miki da ita. Sai wajen sati 8 zuwa 10 mabiyiya take karɓar aikin, shi yasa asibitoci da yawa ke cewa a ci gaba har sati 10 ko 12. Wanda ya ɗora ki a kai shi zai sauke ki. Farin abin nan mai kama da alli man da aka daskarar da maganin a ciki ne yake narkewa ya fito, maganin kam ya riga ya shiga jiki, ki sa ɗan fad ki manta da shi.

Ita Hajiya ba da mugunta ta yi ba, jikanta take ji, ita ma shekara 9 ɗin nan ta jira. Ki sa hannu biyu ki karɓi jarkar ki yi godiya, amma kar ki kai baki. Ba wanda zai iya faɗa miki me aka jiƙa da yawansa, wasu saiwoyin murɗa mahaifa suke yi, kuma a 'yan makonnin nan ne ake halittar zuciyar yaro da ƙwaƙwalwarsa da lakarsa. Bayanin kuma ki bar wa maigida, ɗanta ne, in ya ce "Hajiya likita ya hana haɗa magani" ta wuce, in ke kika faɗa kin san inda zancen zai je. Addu'a dai a roƙe ta ta ƙara.

To yanzu nono da ya saki. A lissafin asibiti ranar da aka saka miki ɗan tayi mai kwana 5 ana ɗaukar cikin sati 2 da kwana 5 ne, ki ɗora kwana 22 a kai, yau kina sati 5 da kwana 6. A wannan matakin alamu wasan ɓuya suke yi, yau akwai gobe babu jibi su dawo da ƙarfinsu, laulayi na gaske ma yawanci sai an shiga sati 6 yake kankama. Kuma ga abin da ba a cika faɗa wa masu IVF ba, ciwon nono da kasala da kumburin ciki da taurin bayan gida duk firojestaron ɗin da kike matsawa yana kawo su ko da ciki ko babu. Wato tun farko ma ba su ne shaidar cikin ba, balle tafiyarsu ta zama shaidar ya tafi. Na daɗe a ɗakin awo, na ga wadda ko tashin zuciya ba ta taɓa yi ba ta haifo tagwaye ƙatti, na ga wadda ta yi amai kamar za ta amayar da hanjinta aka zo sikanin labari bai yi daɗi ba. Jiki ba mita ba ce da za ki dinga lekawa ki ga yunit nawa ya rage.

Tsinkayen nan kuwa don Allah ki tattara ki zuba a shara yau ɗin nan. Tsinke abu ɗaya ya sani, akwai hCG a fitsari ko babu. Duhun layin ya danganta da ruwan da kika sha da dare da kamfanin da ya yi shi, kuma ko ciki ya lalace yakan ci gaba da nuna layi biyu har makonni, in sinadarin ya yi yawa sosai ma wani lokacin layin dishi-dishi yake komawa. Abin da ba zai iya ba ki labari mai daɗi na gaskiya ba, ba zai iya ba ki mara daɗi na gaskiya ba, na meye za ki ba shi asubarki? Lambobinki na jini su ne abin dubawa, 214 ta koma 460 cikin kwana 2, likitoci so suke ya ninka cikin awa 48 zuwa 72 a farkon ciki, naki ya yi. Kar kuma ki je lab ki dinga maimaitawa da kanki, don in ya yi sama ninkawar raguwa take yi, wajen sati 8 zuwa 11 ya kai ƙololuwa ya fara sauka, ki ga haka ki ɗora hannu a ka a banza.

Jinin. Kusan mace 1 cikin 4 tana ganin ɗan jini a wata ukun farko kuma da yawansu lafiya lau suke haihuwa. Mai ruwan ƙasa tsohon jini ne da ya kwana. Bakin mahaifa yanzu cike yake da ƙananan jijiyoyin jini, matsin ma kawai in ya goge shi sai ya ɗan ɗiga, shi yasa wasu likitocin kan ce a koma sakawa ta baya, wani lokacin kuma ɗan jini ne ke taruwa a gefen jakar da yaro ke ciki, ana ganin wannan sosai a cikin IVF kuma yawanci shanyewa yake da kansa. Duk da haka ki kira asibitinku yau ki faɗa musu, kar ki ji kunyar wai kin dame su, kuɗin fili guda kuka biya. In rukunin jininki negetif ne ki tuna musu.

Waɗanda ba a jiran gari ya waye a kansu su ne jan jini da ke jiƙa fad ko yake zuwa da gudaji, ciwon mara mai tsanani musamman a ɓari ɗaya, ciwo a ƙarshen kafaɗa wanda ba ki san dalilinsa ba, jiri ko suma, da zazzaɓi. Mutane na zaton tunda likita da hannunsa ya ajiye a mahaifa ciki ba zai zauna a waje ba, yana zama, ɗan tayi kan gangara cikin bututu kafin ya kama, ana samun haka a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. In ɗaya daga waɗannan ya faru kar ki ce sai kin kama hanyar Abuja, babban asibiti mafi kusa da ke a nan Kaduna za ki, ki ce musu cikin IVF ne ki faɗi ranar dashe da magungunan da kike kai. Ki rubuta su a takarda tun yanzu ki sa a jaka.

Kwana 8 ɗin nan na san kamar shekara 8 ne, amma da dalili suka sa sati 7. Bugun zuciya sai wajen sati 6 ake fara ganinsa, shi ma da na'urar da ake sakawa ta ƙasa. In kika ruga shagon sikanin na bakin titi gobe aka ɗora miki a mara, ƙila jaka kawai za su gani su rubuta miki abin da zai hana ki cin abinci sati guda alhali sauri aka yi. In dai asibitinku ba su ce ki zo da wuri saboda jinin ba, ki daure.

Ba zan rantse miki cewa komai zai tafi daidai ba ƙanwata, wannan na Allah ne, kuma ɓari yana samun kusan ciki 10 zuwa 20 cikin 100 da aka san da su. Abin da zan iya faɗa miki da ƙarfin gwiwa shi ne mafi yawan ɓarin farko daga tsarin halittar ɗan tayin ne tun ranar da aka haɗa shi, ba daga shara da kika yi ba, ba hawa bene ba, ba adaidaita da ta faɗa rami da ke ba, ba kuma kukan da kika yi jiya ba. Kwanciya ruf a gado ma bincike bai nuna tana hana ɓari ba, sai ma ta jawo daskarewar jini a ƙafa, ballantana ke da ƙila kike shan estirojin, maganin shirya mahaifa. Ki tashi ki yi 'yan hidimominki, kaya mai nauyi dai a bar shi. Kuma da zarar an ga bugun zuciya haɗarin sauka yake sosai.

Tsoron kuwa ni ban ga laifinki ba. Wata sama da 100 kina shiga banɗaki da fata kina fitowa da hawaye, zuciya ta saba da mummunan labari, ba za ta yarda da mai daɗi a sati biyu ba. Kar ki ƙara wa kanki da cewa wai rashin godiya ne ko raunin tawakkali. Ki fita daga guruf ɗin WhatsApp na masu nema ko ki kashe ƙararsa zuwa bayan sikanin, a can kowa mummunan nata take kawowa. Google bayan isha'i haramun ne a kanki, fatawar Anti ce. Ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri, yayarki ko aminiya, wadda za ki kira ki ce "yau tsoro nake ji" ba tare da ta fara miki wa'azi ba. Ɗan tattaki bayan la'asar, azkar ɗinki, addu'ar Annabi Zakariyya da na san kin haddace tuni. Maigida ma ki tambaye shi ya yake ji, za ki sha mamaki, shi ma ba barcin yake ba. In kuma ya kai sati biyu ba barci ba cin abinci, kuka ba dalili, ƙirji na bugawa kamar za ki mutu, ki faɗa wa likita ɓaro-ɓaro, akwai taimako har da magungunan da mai ciki za ta iya sha.

Cikin matata ya kumbura kamar wata 5

Salam Anti, ni namiji ne a yi haƙuri na shigo filin mata. Iyalina an cire mata ƙwai 24 aka saka 2 a watan, gwaji ya nuna ciki kwana 4 da suka wuce. Amma cikinta ya kumbura kamar mai wata 5, in ta kwanta numfashi na mata wuya, fitsari kaɗan take yi, ta ce siket ɗinta na jiya yau ya ƙi shiga. 'Yan uwa na cewa alamar tagwaye ne. Haka ne?

Wani magidanci daga Kano

Malam wannan wasiƙar na riga na amsa maka ita ta waya a daren da ta iso, ina maimaitawa ne don wasu. Ba tagwaye ba ne, tagwayen sati 4 ko 5 ko ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Wannan ya yi kama da abin da likitoci ke kira OHSS, alluran da aka yi don ƙwai su nuna da yawa sun sa ma'ajiyar ƙwan ta kumbura, ruwa na tsiyaya daga jijiyoyin jini yana taruwa a ciki har wani lokaci a ƙirji, jinin da ya rage kuma ya yi kauri, ƙoda ta rasa abin tacewa. Ya fi kama masu ƙuruciya, da masu PCOS, wato matsalar ma'ajiyar ƙwai da ke rikita al'ada, da wadda aka cire wa ƙwai da yawa irin haka, kuma shigar ciki ƙara masa wuta take yi don hCG ne ke rura shi. Ɗan kumburi kaɗan kusan kowa na yi bayan cire ƙwai, amma wahalar numfashi, ƙarancin fitsari, ƙaruwar nauyi kilo 1 a rana, amai ba tsayawa ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, asibiti ne a daren. Ana kwantarwa a sa ruwa, a yi allurar hana jini daskarewa, in ruwan ya yi yawa a zuƙe, kuma yawanci cikin na ci gaba abinsa. Kar a ba ta ibuprofen ko diclofenac, kar a sayo maganin sa fitsari a kemis, kusantar iyali ma a dakata har likita ya ce. Kuma Malam ka kyauta da ka lura, filin nan naku ne ku ma.

Ko ruwa ba ya zama

Anti ina wuni. Ni Clomid, maganin sa ƙwai ya fita, likita ya ba ni wata 3 Allah ya sa aka dace, yanzu sati 8. Amai nake ba dare ba rana ko ruwa na sha sai ya dawo, warin albasa ko turaren mijina kamar in mutu, na rame. In na yi ƙorafi sai a ce ba ke kika nema ba, ki gode wa Allah. Har kunyar cewa na gaji nake ji.

'Yarki daga Maraɗi

'Yata ki ce kin gaji, ba saɓo ba ne, wanda ya roƙi ruwan sama ba a hana shi cewa ɗakinsa na yoyo ba. Laulayi na kama mata 7 zuwa 8 cikin 10, ya fi tsanani wajen sati 9, yawanci ya lafa tsakanin sati 12 da 16. Amma wanda ruwa ma ba ya zama, ga rama, fitsari ya yi ja ya ragu, in kin miƙe jiri, ya wuce laulayin gida, ciwo ne mai sunansa a asibiti kuma ba raki ba ne, matar Yarima William na Ingila ma sai da aka kwantar da ita a kansa a 2012. Ki je a sa miki ruwa a ba ki maganin amai, akwai waɗanda aka daɗe ana ba masu ciki lafiya. Ki nemi a yi miki sikanin in ba a yi ba, Clomid na ƙara yiwuwar tagwaye, su kuma sun fi sa amai.

In ya ɗan lafa, ci kaɗan-kaɗan kar ki bari ciki ya zama wayam, busasshen biskit ko gasasshen burodi kafin ki sauko daga gado, ruwa kurɓi-kurɓi mai sanyi, shayin citta, kunun tsamiya in yana miki. In maganin ƙarin jini ne ke tayar miki da zuciya ki faɗa wa likita, amma folik asid kar ki bari, shi ke kare laka da ƙwaƙwalwar yaro, ki gwada shansa da dare. Girki a karɓa miki na 'yan makonni. Maigida kuma ya jingine turaren nan, ba zai mutu ba.

Wai ɗan kwalba ba ya ƙarko?

Anti sati na 9 da IVF. Abokiyar zamana na ta yada magana wai 'ya'yan kwalba ba sa lafiya. Sannan ina cin goro sosai, kuma maƙociyata ta ce in fara shan Fansidar.

Daga Jos

Ki bar ta da bakinta. Louise Brown, ta farko da aka haifa ta wannan hanya ranar 25 ga Yuli 1978 a Oldham ta ƙasar Ingila, tana nan da 'ya'yanta maza biyu da ta haifa ba tare da wani dashe ba, kuma zuwa 2018 waɗanda aka haifa haka a duniya sun haura miliyan 8. A nan gida ma tun 1998 aka haifi yarinya ta IVF a asibitin Nisa da ke Abuja. Ba a kwalba yaro ke girma ba, kwana 3 zuwa 5 kawai yake yi a lab, sauran wata taran a mararki yake kamar na kowa. Awo dai ki riƙe shi da kyau, don masu IVF an fi sa musu ido kan hawan jini da haihuwa kafin lokaci, musamman in tagwaye ne.

Goro akwai kafin a ciki irin na kofi, ana so mai ciki kar ta wuce miligiram 200 a rana in an haɗa da shayi da Nescafe da lemon kwalba mai baƙi, to ki rage sosai, ɗan ɓari ya isa. Hanta ma a ɗaga mata ƙafa saboda yawan bitamin A. Fansidar na rigakafin maleriya ba a fara shi sai an shiga sati 13, a wurin awo za a ba ki, yanzu gidan sauro ne naki. In zazzaɓi ya zo ki sha farasitamol ki tafi a gwada jini a ranar, kar ki sayi na maleriya da ka.

Mai tambaya kan azumin nafila da zuwa biki Zariya a mota, wasiƙarki ta iso, sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu. Ƙanwata ta Kaduna kuma ina jiran saƙonki ranar sikanin, ko ƙarfe nawa ne.